Ido Ba Mudu Ba Ne

Ranar da na sauka a birnin Roma na ƙasar Italiya, kayana ba su wuce akwati ɗaya da jakar goyo ba. A cikin jakar akwai sabuwar kyamara wadda mahaifina ya saya mini, bayan ya sayar da raguna biyu daga cikin waɗanda yake kiwo. A lokacin ni ɗalibi ne mai koyon zayyanar gine-gine, wato yadda ake tsara gida ko asibiti ko kasuwa a kan takarda kafin magina su aza tubalin farko. Na sami damar yin karatun wata huɗu a can, kuma na ƙudura a raina cewa babu ginin da zan bari ban ɗauki hotonsa ba.

Washegari malamarmu ta tara mu a bakin wani dandali. Dattijuwa ce mai furfura, ba ta da yawan magana. Ta miƙa wa kowannenmu littafin zane da fensir, sannan ta ce, "Ku mayar da kyamarorinku cikin jaka. Kyamara tana gani cikin ƙiftawar ido, ta bar mai ita bai ga komai ba. Kullum ina son zane uku daga hannun kowa, kuma ban yarda a yi amfani da magogi ba."

Gabana ya faɗi. A makarantarmu ta gida ina cikin waɗanda ake yabo, amma duk ƙwarewata a kan tebur take, da rula da kwamfuta. Ban taɓa zama a bakin titi na zana abin da ke gabana ba.

Sunan wurin Dandalin Navona. Dogo ne, mai siffar kwalekwale, kuma gidaje masu launin jar ƙasa sun kewaye shi ta ko'ina. A tsakiyarsa akwai wata babbar maɓuɓɓugar ruwa wadda gwanin sassaƙa Bernini ya kammala a shekarar 1651. An sassaƙa mutum-mutumi huɗu a jikinta, kowane yana wakiltar wani babban kogi na duniya. Wanda ke wakiltar Kogin Nilu na Afirka ya lulluɓe kansa da mayafi, domin a wancan zamani Turawa ba su san mafarin kogin ba. Na zauna a kan wani dakali, na dinga zana tagogi ɗaya bayan ɗaya, ina ƙirga su don kada in yi kuskure. Na shafe awa biyu ban gama gida ɗaya ba.

Da malama ta zo ta duba, sai ta daɗe ba ta ce uffan ba. Can ta ce, "Tagoginka sun yi kyau. To, ina dandalin?"

Na nuna mata gine-ginen. Ta girgiza kai, ta ce, "Waɗannan bango ne. Ni dandali na tambaye ka." Ta wuce wurin ɗalibi na gaba, ta bar ni riƙe da fensir.

Haka na yi mako uku ina fama. Abokan karatuna suna cika shafi bayan shafi, ni kuwa ina yage nawa ina cusawa a aljihu. Sanyi ya fara shigowa, yatsuna suna ƙagewa, ga kewar gida. Da dare, idan na kira mahaifina a waya, yakan tambaye ni, "Yaya karatu?" Ni kuma in ce, "Lafiya lau, Baba." Amma na san idan aka ci gaba a haka zan faɗi, kuma ban san da wace fuska zan dubi mutumin da ya sayar da dabbobinsa saboda ni ba.

Abin da ya fara buɗe mini ido wata tsohuwar taswira ce. Wata rana da aka wuni ana ruwan sama, malama ta shimfiɗa mana taswirar Roma wadda wani mai awon ƙasa, Nolli, ya wallafa a shekarar 1748. A cikinta an yi wa gidajen mutane duhu, an bar tituna da dandali fari. Abin mamaki shi ne, har cikin majami'u an bar shi fari, tamkar titi, saboda wurare ne da kowa ke iya shiga. Da na ƙura wa taswirar ido, sai na ga farin ya zama kamar ruwa: yana malala ta lunguna, ya taru a dandali, ya shiga ƙarƙashin rufi, ya sake fita. A nan na fahimci tambayar malama. Ashe dandali ɗaki ne wanda gidaje suka zama bangonsa, sararin sama ya zama rufinsa. Ni kuwa na yi mako uku ina zana bango, na manta da ɗakin.

A ranar ce kuma na ji dalilin da ya sa Navona yake da tsawo haka. Filin wasanni ne tun asali, wanda sarki Domishiyan ya gina wajen shekara ta 86 Miladiyya. Da filin ya lalace, sai mutane suka gina gidajensu a kan harsashin wuraren zaman 'yan kallo, suka bar tsakiyar a buɗe. Filin wasan ya tafi, amma siffarsa tana nan kusan shekara dubu biyu.

Da gari ya waye na koma dandalin, amma ban buɗe littafi nan da nan ba. Na fara taka shi daga wannan ƙarshe zuwa wancan, na ƙirga taku fiye da 300. Sannan na yi abin da na ga malama tana yi: na miƙe hannuna sosai riƙe da fensir, na rufe ido ɗaya, na auna tsayin wani gida da babban yatsana a jikin fensirin. Da wannan awo na gwada faɗin dandalin, na ga sau nawa tsayin gidan zai shiga cikinsa. Na lura da wani abu kuma. Idan kana tsaye a fili mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kawunan mutanen da ke tsaye, na kusa da na nesa, kusan duk a kan layi ɗaya suke, daidai da tsayin idonka. Ƙafafunsu ne kawai ke hawa sama a kan takarda gwargwadon nisansu. Na ja wannan layi ɗaya a tsakiyar shafi, na jera kawuna a kansa, kafin in zana ko da taga ɗaya. Cikin minti ashirin dandalin ya bayyana. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Sai dai na gane cewa ba ya saninta sai an horar da shi.

Daga nan zane ya zame mini hanyar tambaya. Me ya sa lungunan da ke kaiwa ga ginin Pantiyon suke da ƙunci da duhu? Da na zana su a jere, sai na ga amsar: mutum yana fitowa daga matsatsi, kwatsam sai ya ga manyan ginshiƙai goma sha shida na dutse a gabansa, girman ginin ya ninka a idonsa. An gina Pantiyon a zamanin sarki Hadriyan, wajen shekara ta 125. Faɗin ƙubbarsa ya kai mita 43, tsayinta daga ƙasa ma haka, kuma a ƙololuwarta akwai wata zagayayyiyar kafa mai faɗin kusan mita 9, wadda ta nan haske yake shiga. Na zana cikinsa sau uku a yini ɗaya. A kowane zane hasken rana yana wani wuri dabam a jikin bango, kamar hannun agogo. Da hoto na ɗauka na wuce, da ban san cewa hasken yana tafiya ba.

A wata na uku muka tafi Siyena, wani ƙaramin birni da ke kan tuddai a arewa da Roma. Babban dandalinsa, wanda ake kira Kampo, yana da siffar rabin faranti, kuma ƙasarsa tana gangarawa zuwa ƙofar fadar hukumar gari. An shimfiɗe shi da jan bulo, an raba shi kashi tara, don tunawa da majalisar mutum tara da ta mulki birnin daga 1287 zuwa 1355. A nan ake yin shahararriyar tseren dawaki sau biyu a shekara, ranar 2 ga Yuli da ranar 16 ga Agusta. Babu kujeru a tsakiyar dandalin, amma saboda gangaren, mutane suna zama a ƙasa kamar a kan tabarma. Na wuni ina zana inda suke zama. Da yake lokacin sanyi ne, duk sa'ad da inuwar doguwar hasumiyar fadar ta matso, sai su tashi su koma cikin rana.

Ina cikin wannan aiki wani tsoho ya zauna kusa da ni. Ya daɗe yana kallon hannuna. Da ɗan Italiyancin da na koya da kuma nuni da hannu muka fahimci juna. Ya tambaye ni garinmu, na ce masa Zariya, a Nijeriya. Ya ce, "Ɗana, ku ma kuna da dandali?"

Na ce, "Ƙwarai kuwa, Baba. Akwai babban fili a ƙofar fadar sarkinmu. A nan mahaya dawaki suke yin gaisuwa ranar salla."

Fuskarsa ta washe da jin batun dawaki. Ya buɗe mini sabon shafi a littafina da hannunsa, ya ce, "Zana mini in gani."

Na ɗora fensir a kan takarda, hannuna ya tsaya cik. A Zariya aka haife ni. Na ratsa wannan fili sau ba adadi, a ƙasa da kuma a kan keke. Amma hanyoyi nawa ne suke shiga cikinsa? Yaya tsayin ƙofar fadar yake idan aka gwada shi da mutum? Ina inuwa take faɗawa da la'asar? Ban sani ba. Ga shi na san adadin ginshiƙan Pantiyon, amma ban san fuskar garinmu ba. Na ja 'yan layuka marasa ma'ana, tsohon ya yi murmushi, ya dafa kafaɗata, ya tafi. Kunyar da na ji a ranar ta fi wadda na ji a gaban malama.

Na ci jarrabawata a ƙarshen zango. Malama ta juya shafukan littattafaina huɗu, ta tsaya a kan zanen Kampo wanda kusan babu gini a cikinsa sai mutane da inuwa, ta ce, "Yanzu ka ga dandali." Iyakar yabon da na samu daga bakinta ke nan, kuma ya ishe ni.

Kwana biyu da dawowata gida, na ɗauki sabon littafi na nufi ƙofar fada. Na taka filin, na miƙe hannu, na rufe ido ɗaya. Yara suka kewaye ni suna dariya, wani yana cewa, "Malam, harbi za ka yi da fensir?" Daga nan na shiga tsohon Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa da azara a ƙarni na 19. Na ɗaga kai na dubi bakunan da suke ɗauke da rufinsa, na ga yadda suke tashi daga ginshiƙai su haɗu a sama. Sau da yawa na yi salla a wurin, amma ranar ce na fara ganinsa. Bayan haka na bi lunguna ina zana zaure da dakali da gindin bishiya inda dattawa suke hira. Na ga cewa maginanmu ma sun san sirrin fito da mutum daga matsatsi zuwa sarari, sun kuma san inda inuwa take kwana.

Da yamma na nuna wa mahaifina zanen. Ya riƙe littafin nesa da fuskarsa, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya sa yatsa a kan wani ɗan lungu a gefen shafin, ya ce, "Ai nan ne kakanka yake ɗaure jakinsa."

Bai tambaye ni labarin kyamarar ba, ni ma ban ɗauko zancenta ba. Na karɓi littafin, na rubuta abin da ya faɗa a ƙasan zanen, na sa kwanan wata.