Tabarma, Tiya Biyu Ta Gero, Da Izinin Mama



Saura mako uku mu tafi sansanin matasa na ƙarshen shekara a Gusau, kuma wannan ne karo na farko da zan je. Ga waɗanda suka saba zuwa, shiri ba wani abu ba ne, a naɗe tabarma a hau mota. Mu da muke ɓangaren Talata Mafara, Bakura da Maradun kuwa, shirin yana farawa tun kafin a taɓa jaka, domin sai an fara shawo kan mutanen gida.

Takardar da shugaban zumuntarmu ya raba mana gajeriya ce. Kowa zai zo da Littafi Mai Tsarki, littafin rubutu, tabarma, bargo, gidan sauro, bokiti, kwano da cokali, tocila, da tiya biyu ta hatsi ko shinkafa ko wake. A ƙasan takardar an ja layi a ƙarƙashin magana guda: babu baƙo a sansani. Ba a ɗauki masu girki ba, ba a ɗauki masu shara ba. Ranar da muka isa za a raba mu rukuni-rukuni, wasu kicin, wasu ɗiban ruwa, wasu faskare, wasu wankin makewayi, samari kuma su yi gadin dare bi da bi. Har waƙa da wasan kwaikwayo na yamma ma, kowace ikilisiya sai ta kawo nata. Wanda ya zo don kallo zai ga babu abin kallo sai shi kansa.

Wannan tsari ya yi mini daɗi, ko da yake ya ɗan tsorata ni. Na saba da taron da ake zuwa a zauna a benci, mai wa'azi ya yi wa'azi, a ba da baiko, a watse. A nan kuwa idan rukuninku ya makara wajen hura wuta, mutum fiye da ɗari ne za su shiga nazarin safe ba koko a ciki, kuma kowa ya san ku ne. Na iya tuƙa tuwon gidanmu na mutum bakwai. Tuwon babbar tukunya, irin wadda sai an tsaya a tsaye an kama muciya da hannu biyu, ban taɓa gwadawa ba. Wata uwa a zumuntar mata ta ce in zo ranar Asabar da za su yi girkin suna in koya, ta ce sirrin yana wajen talge ne, idan talge ya yi ruwa-ruwa to ƙarfin hannu ba zai cece ki ba.

Hatsina kuwa ya riga ya samu. Akwai wani dattijo daga Garbadu da suke ciniki da Baba ranar kasuwar Talata shekara da shekaru. Musulmi ne. Da ya ji Baba yana neman gero mai kyau na tafiyar yarinya, sai ya auna tiya biyu ya ƙi karɓar kuɗi, ya ce a gaya mini Allah ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya. Duk wanda ya san abin da manoman yankin nan suke sha kafin su kai hatsi gida a 'yan shekarun nan ya san nauyin tiya biyu ɗin.

Mama ce ba ta ba da izini da wuri ba, kuma ban ga laifinta ba. A ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe, a cikin ƙaramar hukumarmu. A watan Agusta na shekarar aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura, a farkon Satumba kuma aka kwashe ɗalibai a Kaya ta Maradun. Bayan haka aka katse layukan waya a jihar nan, muka yi makonni ba ka iya jin muryar ɗan'uwanka. Uwar da ta ga wannan da idonta, ka ce mata 'yarta za ta kwana huɗu a waje tare da tarin matasa, me kake so ta ce? Ta ce mini, “'Yata, Allah yana jin addu'a a ɗakin nan ma.” Gaskiya ta faɗa, ban yi mata musu ba.

Abin da ya taimake ni shi ne sura ta 8 ta Littafin Nehemiya, wadda muka bi a nazarin Laraba. Mutanen da suka komo daga bauta sun taru Ezra yana karanta musu Doka, sai shugabanninsu suka tarar an umarci Isra'ila su zauna a bukkoki kwana bakwai a wata na bakwai, kamar yadda yake a Littafin Firistoci sura 23, domin su tuna kakanninsu sun zauna a bukkoki bayan fitowa daga Masar. Ba su ɗauki ma'aikata ba. Kowa ya fita ya saro rassan zaitun da na dabino da sauran itatuwa masu ganye, ya kafa bukkarsa da hannunsa. An ce tun zamanin Joshuwa ba a yi idin haka ba, wato su ma kusan duk sababbin zuwa ne irina.

To amma ku duba lokacin. Garun Urushalima bai daɗe da kammaluwa ba, an gama shi cikin kwana 52, magina suna aiki da makami a jikinsu saboda barazanar su Sanballat da Tobiya. Ku kuma duba inda suka kafa bukkokin: a kan rufin gidajensu, a tsakar gida, a farfajiyar Haikali, da filayen da ke bakin ƙofofin gari. A cikin garu suka yi zangonsu. Ban taɓa lura da wannan ba sai bana. Akwai 'yan'uwa da suke gunaguni cewa sansanin da ake yi a harabar majami'a a tsakiyar gari, da katanga da masu gadi, ba sansani ba ne, wai dā a bakin daji ake yi. Ni ban yarda da su ba. Ezra ya ji kunyar roƙon sojoji daga wurin sarki, ya yi azumi a bakin kogin Ahawa ya kama hanya. Nehemiya kuwa ya karɓi rakiyar mahayan dawakai. Dukansu biyu sun isa Urushalima, kuma Littafin bai tsauta wa ko ɗaya ba.

Ban kai wa Mama wannan a matsayin hujjar cin gardama ba. Fasto da matarsa ne suka zo gida suka zauna da ita, suka yi mata bayani dalla-dalla. Za mu tashi bayan rana ta fito sosai, mota ɗaya, ba tsayawa a Mayanci ko Maru ko Bungudu sai da dalili, kuma dole mu shiga Gusau kafin azahar. Idan an ji labarin hanya ba daɗi a safiyar, an fasa, ko da an biya kuɗin mota. Dattawa biyu za su bi mu. Mama ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce sai na kira ta da mun wuce Maru, na kuma kira da mun sauka. Washegari na tarar ta fito da bargonta mai kauri ta shanya a igiya.

Yayana, wanda ya yi shekaru a Boys' Brigade, shi ne mai ba ni shawarar kaya. Yana alfahari cewa ƙungiyarsu ta fara a Gilasgo a 1883 kuma tun 1886 suke fita sansani, don haka wai babu abin da za a gaya masa. Ya ce in rubuta sunana a gindin bokiti da kwano, in riƙe man shafawa saboda hunturu zai fasa mini ƙafa, in sa silifa a ƙarƙashin tabarma idan zan kwanta, in kuma rage kayan kwalliya domin hayaƙin kicin ba ya girmama kowa. Ya ƙara da cewa a daren farko ba a barci, sanyin asuba da minsharin maƙwabta ba za su bari ba, amma daga dare na biyu ko a kan dutse aka ajiye ni zan yi.

Mu tara ne muka rubuta suna daga ikilisiyarmu, biyar a cikinmu ba mu taɓa zuwa ba. Har yanzu akwai 'yan'uwa mata biyu da iyayensu ba su amsa ba, kuma mun yi shawara ba za mu matsa musu ba, za mu dai kai musu littafin nazarin idan mun dawo. Ku sa su a addu'a, da direban da zai ɗauke mu, da samarin da za su yi gadin dare. Wanda kuma yake da gidan sauro da ba ya amfani da shi, muna neman guda uku kafin Lahadi mai zuwa, a ba sakataren zumunta bayan sujada.