Lamine Yamal: ƙafa biyu, iyayen gida biyu

A watan Yulin 2024 an yi wata muhawara a ƙasar nan wadda mu malaman jami'a muka shiga tsundum: shin yaro ɗan shekara 16 ya isa ya zauna a ɗakin lacca, ko a dakata sai ya cika 18? Ministan ilimi na lokacin ya tsaya a kan 18, iyaye da shugabannin makarantu suka yi masa ca, daga bisani aka koma 16. A cikin wannan watan ne, ranar 9, a birnin Munich na Jamus, wani ɗan shekara 16 ya karɓi ƙwallo a wajen yadi na sha takwas, ya yi kamar zai bi dama, ya dawo hagu, ya lanƙwasa ta. Ta daki turke ta faɗa ragar Faransa. Wasan kusa da na ƙarshe ne na gasar ƙasashen Turai. Kwana huɗu bayan haka ya cika 17, kashegari kuma a Berlin ya miƙa wa Nico Williams ƙwallon da ya buɗe ragar Ingila da ita, Sifaniya ta ɗauki kofi da ci 2 da 1.

Shekara da shekaru ina koyar da 'yan aji ɗaya, don haka na san kamannin ɗan shekara 17. Shi ne wanda zai tsaya a ƙofar ofishina idonsa jawur don ya faɗi darasi guda, kamar duniya ta tashi. Shi ne kuma wanda zai yi maka tambayar da za ta hana ka barci, gobe ya manta ranar jarrabawa. Basira da ƙuruciya tare suke zaune a jikinsa, ba a raba su. Shi ya sa duk lokacin da na zauna kallon Lamine Yamal nakan kalle shi da ido biyu. Ɗaya idon na tsohon magoyin bayan Barcelona ne, wanda ya kamu da son ƙungiyar tun zamanin Ronaldinho, lokacin da muke biyan kuɗi mu zauna a benci a gidan kallo, janareta na kuka a bayan langa-langa. Ɗayan idon na malami ne, kuma shi ne yake yawan hana na farkon sakewa.

An haifi yaron ranar 13 ga Yulin 2007. Mahaifinsa ɗan Maroko ne, mahaifiyarsa 'yar Ikwatoriyal Gini. Wani ɓangare na ƙuruciyarsa ya yi shi ne a Rocafonda, unguwar masu ƙaramin ƙarfi da 'yan ci-rani a garin Mataró, kusa da Barcelona. Alamar 304 da yake yi da yatsu idan ya ci ƙwallo, ƙarshen lambar gidan waya ce ta unguwar. Yana ɗan shekara bakwai ya shiga La Masia, makarantar rainon 'yan wasa ta Barcelona. Ranar 29 ga Afrilun 2023 Xavi ya sako shi a wasa da Real Betis yana da shekara 15 da wata tara. Shekara biyu da kwana ɗaya bayan nan, a karawa da Inter Milan a gasar Zakarun Turai, ya buga wa babbar ƙungiyar wasansa na 100, ya kuma ci ƙwallo a ranar.

Wanda bai damu da ƙwallo ba zai iya tambaya, me yaron yake yi ne haka? Ɗan wasan gefe a da aikinsa a fili yake: ya ruga ta bakin layi, ya wuce mai tsaron baya, ya kwaso ƙwallo zuwa tsakiya. Mai ƙafar dama a dama, bahago a hagu. Yamal bahago ne da ake ajiyewa a dama, irin tsarin da Robben da Salah da Messi na farko-farko suka yi suna da shi, don idan ya shigo ciki raga tana gaban ƙafarsa mai ƙarfi. Wannan kowane mai tsaron baya ya sani, kuma a ƙa'ida maganinsa shi ne a tura shi waje, a tilasta masa amfani da dama. To, a nan gizo ke saƙar. Idan an toshe masa ciki, sai ya murɗa ƙwallon da bayan ƙafarsa ta hagu, ta yi baka ta sauka a gaban abokin wasansa, kamar da dama ya buga. Abin da ya fi wannan burge ni shi ne tsayuwarsa. Yaro mai gudu yakan ɗauka gudu ne maganin komai. Shi kuwa sai ya taka ƙwallo ya tsaya cik, ya bar babban mutum ya fara motsi, sannan ya bi ta inda aka bari. Haƙurin jiran kuskuren abokin hamayya abu ne da 'yan wasa ke koya bayan sun doshi talatin, lokacin da ƙafa ta fara nauyi. Inda ya samo shi yana ɗan 16, a nan ne baiwar take.

Sifaniya ba ta yi sanya ba. Ranar 8 ga Satumban 2023 ta sa shi a wasa da Jojiya, ya ci ƙwallo, aka tashi 7 da 1. Wannan gaggawa tana da dalili bayan ƙwarewa. Maroko, wadda ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar cin kofin duniya ta 2022 bayan ta fitar da Sifaniyar kanta, tana da haƙƙin kiransa, kuma ta nuna tana so. Dokar FIFA da aka gyara a 2020 ta bar wa matashi ƙofar sauya ƙasa idan wasanninsa ba su wuce uku ba kafin ya cika 21, kuma bai buga babbar gasa ba. Ma'ana, duk ƙasar da ke son rufe ƙofar sai ta yi ta sa shi a fili da wuri. Mu a nan mun san zafin wannan lissafi: Saka da Musiala da Olise duk jinin Nijeriya ne, ga su can da rigunan wasu. Ba na ganin laifin yaron da ya zaɓi ƙasar da aka haife shi, ya yi makaranta, ya koyi sana'arsa. Abin da nake lura da shi kawai shi ne, dokar da aka yi don ba matasa 'yanci ta zama dalilin da ake ɗora musu kayan manya tun kafin wuya ya yi ƙwari.

Akwai wata doka ta biyu da ɗalibaina masu mafarkin Turai ba su cika sani ba. FIFA ta hana sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa kafin ya cika 18, sai a 'yan wasu halaye. Barcelona da kanta an hukunta ta a 2014 saboda karya wannan ƙa'ida. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kaka guda a Kano Pillars, amma sai da ya jira ranar cikarsa 18 a Oktoban 2010 kafin ya sa rigar VVV-Venlo ta Holan. A shekarun da Musa ya fara taka filin Turai, Yamal ya riga ya ɗauki La Liga da kofin ƙasashen Turai. Da a Bata aka haife shi, garin mahaifiyarsa, da baiwar tana nan, amma babu La Masia, babu likitan ƙungiya, babu filin ciyawa tun yana ɗan bakwai. Idan yaranmu suka kalle shi suna cewa su ma za su iya, ba ƙarya suke yi ba. Hanyar ce ba ɗaya ba.

Sai dai ita wannan hanya mai kyau tana da nata ramin, kuma ba sai an je nesa neman misali ba, a cikin gidan Barcelona yake. Ansu Fati, haifaffen Gini Bisau, ya fara bugawa a 2019 yana ɗan 16, duniya ta ɗauka. A Nuwamban 2020 gwiwarsa ta samu rauni, aka yi ta yi masa aiki ɗaya bayan ɗaya. Aka ba shi riga mai lamba 10 da Messi ya bari, amma saurin bai dawo ba, aka tura shi aro Brighton, daga baya Monaco. Pedri a kakar 2020/21, yana ɗan 18, ya buga fiye da wasa 70: ya gama wa ƙungiya, ya tafi gasar Turai, bai huta ba aka wuce da shi gasar Olamfik a Tokyo. Shekarun da suka biyo baya tsokar cinyarsa ta riƙa karɓar bashinta. Gavi ya tsinka jijiyar gwiwa a Nuwamban 2023 a wasan Sifaniya da Jojiya, wasan da ko an yi rashin nasara ba abin da zai canza, don an riga an samu gurbi. Kafin su duka akwai Bojan, wanda ciwonsa ba a ƙafa yake ba. Yana ɗan 17 ya janye daga tawagar da ta ci kofin Turai a 2008, sai bayan shekaru ya bayyana cewa fargaba ce mai tsanani ta kama shi. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah.

Wani abokin aikina, likitan ƙashi ne, ya taɓa yi mini bayanin abin a sauƙaƙe. Ya ce jikin matashi ba ya girma gaba ɗaya lokaci guda. Ƙashi yakan riga tsoka da jijiya tsawo, kuma wuraren da jijiya ke kama ƙashin ƙugu suna cikin na ƙarshen ƙosawa. Ɗan wasan gefe kuwa sana'arsa ita ce tashi da gudu, tsayawa farat ɗaya, juyawa, da bugu da ƙarfi, duk a kan wannan ƙugun. Da na ji a kakar 2025/26 cewa ciwon matsematsi ya kama Yamal, irin wanda ba ya kwantar da mutum amma ba ya sakinsa, maganar likitan nan ce ta faɗo mini.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. A Satumban 2025 Sifaniya ta doke Bulgeriya 3 da nema, ta doke Turkiyya 6 da nema, kuma a kowane wasa yaron ya haura minti 70 a fili. Da ya koma ƙungiya bai iya bugawa ba. Hansi Flick, kocin Barcelona, ya fito fili ya zargi tawagar ƙasa da rashin kula da shi, ya ce da maganin kashe zafi ya yi wasa. A Nuwamba kuma sai reshe ya juye da mujiya: hukumar ƙwallon Sifaniya ce ta yi ƙorafi cewa an yi masa wani aikin jinya ba da saninta ba, ta sallame shi daga sansani. Kowane ɓangare yana magana da sunan lafiyar yaron. Amma ƙungiyar da ke kuka ita ce ta sa shi wasa 100 kafin ya cika 18, ƙasar da ke kuka ita ce ta bar shi a fili ana cin biyar da nema. Dukansu suna da gaskiya a kan juna. Koci da za a kora idan ya yi rashin nasara uku a jere ba shi ne zai yi tunanin gwiwar wani a shekarar 2035 ba, kuma ban ga wanda aka ɗora wa wannan tunanin a matsayin aikinsa ba.

Ɗalibaina ba su yarda da ni ba, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Sukan ce Pele yana ɗan 17 ya ci kofin duniya a 1958, ya kuma daɗe yana bugawa. Sukan ce wanda ya iya, ya isa, kuma zaunar da irin wannan yaro a benci zalunci ne gare shi da masu kallo. Na yarda ba za a ɓoye shi ba. Amma nakan tuna musu da Messi, wanda suke auna shi da shi. Ranar da Messi ya cika 18, wasanninsa na hukuma a babbar ƙungiyar Barcelona tara ne kacal, da ƙwallo ɗaya. Rijkaard yana da Ronaldinho da Eto'o da Giuly, ba ya cikin matsi, sai ya riƙa ɗanɗana masa kaɗan-kaɗan. Barcelonar da Yamal ya tarar bashi ya yi mata katutu, ba ta iya sayen manyan 'yan wasa yadda ta saba, don haka yaran gida suka zama jari kuma suka zama ma'aikata. Nakan kuma tuna musu da Michael Owen, wanda ya girgiza duniya yana ɗan 18 a 1998, tsokar cinyarsa ta tsinke yana 19, ya karɓi Ballon d'Or a 2001, amma shi da bakinsa ya sha faɗin cewa rabin rayuwarsa ta ƙwallo ya yi ta ne yana tsoron sakin gudu.

Mu 'yan kallo ma muna da namu kason. A Yunin 2025 ya zura wa Faransa biyu a wasan da aka tashi 5 da 4, a gidajen kallo aka naɗa shi sarki. Kwana uku bayan haka Nuno Mendes na Fotugal ya riƙe shi gam a wasan ƙarshe, Sifaniya ta faɗi a bugun fenareti, sai ga waɗanda suka naɗa shi suna cewa dama zuzutawa ce. A lokacin bai cika 18 ba. Daga nan aka ba shi lamba 10, ya sa hannu a kwantiragi har 2031, ya zo na biyu a Ballon d'Or bayan Dembele, kuma shagalin cikarsa 18 ya jawo masa surutu har daga jami'an gwamnatin ƙasarsa. Wasu daga cikin sukan sun dace. Ni dai na san abin da ɗalibaina 'yan 18 ke aikatawa da kuɗin aljihu na wata guda, balle a ce miliyoyi ne, ga kyamara a kowace kusurwa.

Gasar cin kofin duniya ta 2026 a Amurka da Kanada da Meziko ƙasashe 48 za ta ƙunsa, kuma duk wadda ta kai wasan ƙarshe sai ta buga takwas maimakon bakwai, cikin zafin bazara, da doguwar tafiya tsakanin birane. Sifaniya tana cikin waɗanda ake sa wa rai. Idan ta yi nisa, Yamal zai cika 19 a sansani, kwana shida kafin wasan ƙarshe na 19 ga Yuli, kuma a watan Agusta La Liga za ta dawo.