Hasken Gefe da Sirrin Tsohuwar Dala

A bakin Bahaushen da ke ƙasar sefa, dala ɗaya tana nufin sefa biyar, shi ya sa kwandalar sefa hamsin ake ce mata dala goma. Amma dalar asali wata aba ce dabam: babbar kwandalar azurfa mai nauyin kusan giram 28, ɗauke da hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya. Barebari suna kiranta gursu. Ta yi zamani a kasuwannin Borno da Mandara, kuma har yanzu a Kolofata da Mora akan iske ta a ƙullin tsofaffin mata, wata an huda ta don ratayawa, wata an ajiye ta saboda ranar buƙata.

Abin da ya fara jan hankalina game da ita shi ne shekarar da ke jikinta. Sarauniyar ta rasu a 1780, kuma duk dalar da aka buga bayan rasuwarta 1780 aka ci gaba da rubuta mata, ko a Biyana aka buga ta, ko Landan, ko Faris, ko Roma, ko Bambai. Ke nan shekara ba ta raba tsohuwa da sabuwa. Masana sukan raba su ne da ƙananan abubuwa: yawan duwatsun da ke kambin sarauniyar da maɓallin kafaɗarta, gashin wutsiyar gaggafar da ke baya, da siffar ɗan gicciyen da ke bin shekarar. Wanda bai iya ganin waɗannan ba, a ma'auni kawai zai sayar.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a yankinmu. Tun harin da aka kai Kolofata a watan Yuli na 2014, iyalai da yawa suka bar gidajensu, kuma abin da ke shiga aljihu shi ya fi saurin zama kuɗin abinci. Gwaggona tana cikin waɗanda suka sauko Garwa da daloli uku a bakin zane. Da ta ɗauko toka da lemun tsami za ta wanke su kafin ta kai wa maƙerin farfaru, sai na ce, "Gwaggo, don Allah ki bar su da dauɗarsu, ki ba ni aron su zuwa gobe." Ta ce, "Ɗan nan, wa zai sayi baƙin abu?" Gaskiyarta a wajen mai narkarwa. Sai dai gugar toka tana cinye ainihin alamomin da ke bayyana asalin kwandala, kuma baƙin da ya kwanta a lungunan zane shi ke fito da zanen.

Ba dalar azurfa kaɗai ke da irin wannan sirri ba. Kwandalar sefa hamsin da bankin BEAC ya fara fitarwa a 1976, mai kawuna uku na wata babbar dabbar dawa dangin gwanki, irin wadda ake samu a gandun dajin Binuwai da na Buba Njida, tana ɗauke da ɗan harafi guda na ƙasar da aka buga wa ita: A na Cadi, B na Afirka ta Tsakiya, C na Kwango, D na Gabon, E na Kamaru. A kan iyaka kamar tamu, canjin mai shayi ɗaya yana iya haɗa ƙasa uku. Akwai kuma tambura biyu da ba su kai ƙwayar gero ba. Ɗaya ƙaho ne mai zubo da albarkatun gona, alamar gidan buga kuɗi na Faris. Ɗayan na babban mai sassaƙar zamanin ne: fiffike na Lucien Bazor, mujiya ta Raymond Joly daga 1958, dolfin na Émile Rousseau daga 1974, ƙudan zuma na Pierre Rodier daga 1994.

Ganin waɗannan a hoto aikin haske ne fiye da aikin na'ura. Walƙiyar waya tana dukan ƙarfe kai tsaye ta dawo, sai fuskar kwandala ta zama fari fat kamar faranti. Zane mai tudu da kwari inuwa ke bayyana shi, inuwa kuwa ba ta samuwa sai haske ya zo daga gefe. Manomi ya san haka: kunyoyin gona da hantsi suke fitowa sarai, da rana tsaka sai su baje.

Ga yadda nake yi. Nakan shimfiɗa baƙin ƙyalle marar sheƙi kusa da ƙofar ɗaki, in ɗora kwandalar ina riƙe da ita ta baki-baki. Wayar nakan kwantar da ita a kan tarin littattafai, idonta na kallon ƙasa daidai, in sa ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa uku don kada hannu ya girgiza ta. Idan alamar ta yi ƙanƙanta, gilashin mai gyaran agogo a bakin idon wayar ya wadatar. Da dare tocila ce hantsina: in rufe bakinta da farar takarda don hasken ya yi laushi, in kwantar da ita kusan daidai da tabarma, in tsayar da wata farar takarda a ɗaya gefen ta mayar da ɗan haske cikin inuwar. Daga nan sai haƙuri. Ana juya tocilar kaɗan-kaɗan a kewaye, domin layin da ya bi hanyar haske ɓacewa yake, wanda haske ya gitta shi ne ke tashi. Kwandalar da ta sha hannu tana son haske ƙasa sosai. Mai sheƙi tana son a ɗaga shi, a ƙara masa takarda.

Hoto ba ya ƙara wa azurfa nauyi, kuma yawancin dalolin da ke hannun mutanenmu bugun baya ne da aka yi da miliyoyi. Duk da haka, mai dala ya cancanci sanin abin da yake riƙe da shi kafin a faɗa masa farashi. Idan kuma dole ta sa ta tafi tukunyar maƙeri, gaba da baya da bakinta sun rage a hoto, tare da sunan garin da ta fito da hannun da ta bi. Duk mai irinta a gida, ya ɗauke ta hoto yau, kuma kada ya wanke.