Aminar Netflix Da Aminarmu

Ku matso kusa mana, ƙawayena, maganar nan ba ta ɗaga murya ba ce, kada maƙwabta su ji su ce matan Sakkwato sun bar tuƙin tuwo sun koma sharhin fim. Ai kun riga kun gane inda na dosa. Fim ɗin Sarauniya Amina ne, wanda aka saka a Netflix ranar 4 ga Nuwamba 2021, wanda har gobe in aka ambace shi a zamanmu sai kowace ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce a bar ta ta fara magana. Shekaru sun shuɗe, haushin bai huce ba, dariyar ma ba ta ƙare ba. Kai, mu dai akwai riƙo!

Kun tuna ɗokin da muka yi kuwa? Daga Mabera har Runjin Sambo babu zancen da ake yi a waya sai shi, wai yau za a nuna wa duniya tamu, mace Bahaushiya a kan doki da takobi a hannu. Mai data ta zama sarauniyar unguwa, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan isha'i, aka jingina waya a jikin kwanon sha, kawuna suka haɗu har 'yan kunnenmu na gogar juna. Zukata cike da alfahari tun ba a fara ba. Sai baiwar Allah ta buɗe baki, Turanci ya zubo. Goggo da ke gefe tana jan carbi ta leƙo ta ce, "Wagga ɗiya ita ta Amina? To mi taka hwaɗi haka?" Wayyo cikina, ranar har da masu hawaye don dariya.

Amma ku faɗi gaskiya, dariyar nan akwai ɗan ciwo a ƙarƙashinta. Lucy Ameh da ta fito a matsayin Amina ta yi iya ƙoƙarinta, ba mai ƙwace mata wannan, ta hau doki, ta yi tsalle, ta zare ido yadda ya kamata. Da Ali Nuhu ya bayyana kuwa sai da muka yi guɗa ƙasa-ƙasa, ga namu, ga Yakubu Mohammed ma, muka ce to yanzu za a dawo hanya. Ashe su ma Turancin za su yi ta yi da juna a tsakiyar fadar Zazzau. Sai fim ɗin ya zame mana furar da aka dama da madarar gwangwani: ga fari, ga sanyi, tana shayuwa, amma harshe ya san ba nonon rugga ba ne. Hmm, ayya.

Kuma ba harshen kaɗai ba. Akwai wani abu da jiki ke ji tun kafin kai ya gane. Yadda ake shiga gaban sarki, yadda ake zubewa a yi gaisuwa, yadda ɗiya ke sunkuyar da kai in ubanta na magana ko da ta fi kowa taurin kai, yadda fadawa ke amsa wa sarki kafin ya rufe baki, duk waɗannan mun tashi muna ganinsu a Kanwuri ranar sallah, ba a makaranta aka koya mana ba. Mun san dokin yaƙi da lifidinsa, mun san sulke da kwalkwali, mun san amon tambari da kakaki yadda yake ratsa ƙirji. To da aka nuna mana fili an kewaye, ƙarti biyu na neman kashe juna jama'a na ihu, sai muka kalli juna, don wannan a finafinan Rumawa muka saba ganinsa. Mu da ke da dambe da kokawa da shaɗi, me ya kai mu aron filin wasan wasu? Autarmu ta ce ƙila Zazzau ta da tana da reshe a Italiya. Muka sake kwashewa.

To a nan ne malamar cikinmu, kun dai san ta, wadda ba ta barin a ci gulma cikin kwanciyar hankali, ta ajiye kofin shayinta ta ce mu tsaya. Wai duk mun yarda fim ya yi ƙarya, to wace ce a cikinmu za ta faɗi gaskiyar? A wace shekara aka haifi Amina? Muka yi tsit. Wata ta ce ai 'yar Bakwa Turunku ce, ƙanwarta Zariya, ta gina ganuwa. Malama ta ce sai kuma me? Shiru. Ashe iyakar guzurinmu ke nan, mu masu hayaniya, hhh.

Ku ji abin da ya fi ba ni daɗi a bayaninta. Ɗaya daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen da suka ambaci Amina a hannun ɗan garin nan ya fito. Muhammadu Bello ɗan Shehu, a littafinsa Infaƙul Maisuri da ya rubuta a 1812, shi ya kawo labarin cewa 'yar Sarkin Zazzau ce, ta yi yaƙi har Katsina da Kano suka riƙa kai mata haraji, kuma a Atagara ta rasu, can wajen Idah a jihar Kogi ta yau. 'Yan layuka ne, ba su cika shafi ba, kuma shi kansa ji ya yi aka faɗa, don tsakaninsa da ita akwai shekaru ɗari biyu ko fiye. Littafin tarihin sarakunan Kano kuma ya ajiye ta a zamanin Sarki Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, ya ce ta shekara 34 tana cin garuruwa har Kwararrafa da Nupe, Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Wasu masanan kuma suka ce a'a, a ƙarni na 16 ta yi zamani, mulkinta ya fara wajen 1576. Kun ga tazarar ta haura shekara ɗari. Har Bakwa ɗin ma ana musu, uwa ce ko uba. Goggo dai goron nan kawai ta riƙe, ta ce duk macen da aka kai wa goro dubu goma ta gama sarauta, sauran bayani na malamai ne.

Sai kuma waccan maganar, ku ƙara matsowa, wadda kakanninmu ke faɗi da rabin baki in yara sun yi barci. Wai ba ta taɓa aure ba, wai duk garin da ta ci sai ta zaɓi namiji guda, gari na wayewa kuma a nemi bawan Allah a rasa. Babu takardar da ta tabbatar, labarin baka ne, amma wace ce a cikinmu ba ta ji shi ba? Amaryarmu ta rufe fuska da mayafi tana cewa a'uzubillahi, kafaɗunta kuwa sai rawa suke yi. To ku gaya mini, da masu fim sun ɗauko wannan sun nuna shi filla-filla, da mun ce sun bi tarihi, ko da mun ce sun ci mutuncin uwarmu? Da suka ƙirƙiro mata masoyi guda, Danjuma, muka ce ƙarya ne. Mu fa ba a iya mana, wallahi.

Har kayan jikin ma malama ba ta bar mu mun sha ruwa ba. Muna ta cewa shigar ba ta Hausawa ba ce, ta ce haka ne, ta fi kama da ta jaruman finafinan Turawa, amma kada mu zaci Aminar gaskiya da hijabi har ƙasa ta hau doki. Zamaninta ya riga jihadin Shehu da ɗaruruwan shekaru, lokacin Musulunci na fada da fatake, bori da tsafi na nan da ƙarfinsu. Wato Aminar da ke cikin zukatanmu ma mun yi mata kwalliya irin tamu, mun ɗaura mata zanen da muke so. Wannan magana ta ɗan zauna mana a ƙirji, kowa ta yi ajiyar zuciya.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne mazanmu. Su da suka fi kowa kumfar baki a kan Amina, su ne fa suka cika gidajen kallo lokacin da fim ɗin 300 ya fito a 2007, suna ihu suna tafi, yaran unguwa na yawo da murfin tukunya a matsayin garkuwa. Fim ne a kan yaƙin Tamofili, shekara 480 kafin haihuwar Annabi Isa, inda Sarki Liyonidas na Sparta ya tare rundunar Farisa a wata matsattsiyar hanya. An nuna Girkawa tsirara daga su sai ɗan kamfai da jan mayafi, alhali mayaƙan gaskiya da sulken tagulla suke fita, kuma ba su 300 kaɗai ba ne, akwai dubban Girkawa daga wasu garuruwa tare da su. Farisawa kuwa aka mai da su dodanni, sarkinsu Zaksis wani zabgegen ƙato mai huje-huje a fuska. Mutanen Iran suka fusata, har gwamnatinsu ta yi Allah wadai. Mu a nan me muka ce? Muka ce fim ya yi daɗi! Kakan wani ne, bai dame mu ba. Haka da The Woman King ya fito a 2022 a kan mayaƙan mata na Dahomey, masu sukar cewa an sassauta hannun masarautar a cinikin bayi suna ta yi, mu kuwa muna yaba ƙwanjin Viola Davis. Sai da aka taɓo tamu muka san abin da zafi. Allah Sarki, mutanen Iran, ku yafe mana.

Daga nan hira ta gangaro gida, kun san ba ma zama ba mu yabi Sakkwato ba. Mu ai ba mu da matsalar Amina, yaƙoƙinmu waɗanda suka yi su da hannunsu ne suka rubuta su. Tabkin Kwatto, Yuni 1804: jama'ar Shehu da dawakai 'yan kaɗan, kimanin 20, yawancinsu 'yan baka ne a ƙasa, Abdullahi ɗan Fodiyo na jagora, ga rundunar Yunfa Sarkin Gobir da barade cikin lifidi, amma kafin rana ta faɗi Gobirawa sun watse. Ga faɗuwar Alƙalawa a 1808. Ga Gawakuke a 1836, wanda Nana Asma'u ta yi wa waƙa. Ga Giginya, nan bayan gari, ranar 15 ga Maris 1903, da Sarkin Musulmi Attahiru ya fuskanci Turawa, ya yi gabas da jama'arsa har ya yi shahada a Burmi cikin wannan shekarar. Jikinmu har tsuma yake muna lissafawa, kowace na cewa wannan ai fim ne da kansa, ba sai an ƙara gishiri ba.

Sai autarmu, bakinta ba ya shiru, ta ce to wa zai fito a matsayin Shehu?

Jama'a, kun ji yadda tsakar gida ta yi? Ko sauro ya yi shiru. Goggo ta ce, "Ke, kama bakinki!" Muka fashe da dariya, amma kowa ta san an zo wurin. Wane ɗan wasa ne zai naɗa rawani ya ce shi ne Mujaddadi, gobe kuma a gan shi a wani fim yana rawa da waƙa? Wa zai yi Nana Asma'u? Jikokin Aliyu Jedo Sarkin Yaƙi na nan, jikokin Waziri Giɗaɗo na nan, zuriyar sarakunan Gobir na nan a Sabon Birni da Tsibiri, kuma su ma suna da nasu labarin yadda abin ya faru, wanda ba lallai ya yi daidai da namu ba. Cikinmu ma akwai Bagobira, ga tsagar nan a kumatunta, tuni ta fara harararmu tana cewa a dai yi a hankali da Yunfa. Ashe abin da ke hana mu yin namu fim ɗin ba rashin kuɗi ba ne kaɗai, akwai kunya, akwai girmamawa, akwai kuma tsoron bakin junanmu. Uhm, mu da kanmu.

Ni dai in kun tambaye ni, 'yan uwana, na yafe wa masu fim ɗin Amina duk abin da suka ƙirƙira a labari. Inda tarihi ya bar rami, dole mai ba da labari ya cike da nasa, kakanninmu ma haka suka yi. Izu Ojukwu da ya ba da umarni da Okechukwu Ogunjiofor da ya shirya sun zuba kuɗi da shekaru a kan 'yarmu, har fim ɗin ya ci kyautar gwarzon fim a bikin AMVCA na 2022, mu kuwa masu kuɗinmu na can suna gasar kayan lefe. Abin da ban yafe ba shi ne abin da ba ya buƙatar tono: harshe, gaisuwa, zaman fada, amon kiɗa. Waɗannan suna raye, da an zauna da tsofaffin Zariya an sha shayi da su, da an same su kyauta.

Kuma kada wani ya ce mana ba a iyawa da Hausa. Tun 1976 Adamu Halilu ya yi fim ɗin Shaihu Umar daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Hausa tsantsa, aka gyara shi aka nuna a bikin finafinai na Balin a Jamus a 2018, Turawa na karanta fassara a ƙasan allo ba wanda ya mutu. Shi dai wannan bawan Allah ya kuma yi fim a kan Kanta na Kabi a ƙarshen shekarun 1970, Kantan da ya tsaya wa Askiya na Songhai, wanda kufan birninsa Surame ke nan wajen Binji da ganuwarsa ta dutse, tafiyar da ba ta kai a yi guzuri ba daga nan. A duk zamanmu babu wadda ta taɓa ganin fim ɗin, har Goggo.

Don haka ga aiki na ba ku, ƙawayena. Kowace ta tambayi baba ko kawu ko wani tsohon ma'aikacin gidan talabijin da ta sani, ko akwai wanda ya kalli Kanta a wancan zamani, ya ba mu labarin yadda aka yi shigar da irin Hausar da aka yi a ciki. Wadda ta samo, ta zo mana da shi zama na gaba, fura da ƙilishi a wuyana.