Ɗan Kazagi a Fagge, Ɗan Aji a Landan

A Ingila, uban da yake son ɗansa ya iya kiɗa malami yake nema masa. Ya biya kuɗin darasi mako-mako, ya sayi littafi, yaro ya zauna gaban jerin gangunan bature yana duban takarda yana ƙirga bugu. Har hukumomin jarrabawa gare su, irin su ABRSM da aka kafa tun 1889, da Rockschool ta 1991 wadda ta fi karkata ga kiɗan zamani. Matakan takwas ne, kuma wanda ya ci na shida zuwa na takwas ana lissafa masa makin wajen neman jami'a. Manhajar ƙasa ma ta sa kiɗa da waƙa cikin darussan yara daga shekara 5 zuwa 14. Abin da ya fi tsaya mini a rai tun zuwana Landan shi ne gangunan lantarki: yaro ya toshe kunnuwa da na'urar sauraro yana dukan roba, shi kaɗai ke jin abin da yake kaɗawa, don kada maƙwabta su yi ƙorafi.

Mu da muka tashi a Fagge ba mu san kiɗan da ake ɓoyewa ba. Kalangu na tashi a gidan biki, yana tashi a filin dambe, mahauta kuma nasu ne tun asali. Ranar hawan salla a shiga birni a ji tambari da kakaki. Lokacin Maukibin Ƙadiriyya, wanda Shehu Nasiru Kabara ya assasa, bandiri ya cika gari. Azumi na yin kwana goma sai tashe, yara su ɗaure bakin gwangwani su bi gida-gida. Kafin yaro ya iya tsarki da kansa, kunnensa ya riga ya san inda bugu ke faɗawa.

Ɗan gado kuwa karatunsa daban ne. Ba a fara ba shi kalangu. Ɗaukar kaya zai yi, ya shanya ganga a rana don fata ta ɗame, ya tsaya bayan ubansa a wurin biki. Sannan a rataya masa kuntuku, ya riƙe kazagi, bugu ɗaya tal da zai yi ta maimaitawa har dare ya raba. In ya kauce, harara ta ishe shi. Sai hannu ya faɗa ake barinsa ya saƙala kalangu a hammata, ya koyi matsa tsarkiya da sassauta ta har fata ta faɗi taken mutum, mai taken ya ji daga nesa tsikar jikinsa ta tashi. Wannan ilimin babu takardar da ta ɗauke shi, domin a kan karin harshen Hausa aka gina shi.

Ana tsallaka titi zuwa Sabon Gari sai a tarar da wata makarantar. Unguwar ta kafu ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, mutanen Kudu suka zo da kiɗansu. A nan coci ce ke renon makaɗa. Yaro yana zaune kusa da mai ganguna kowace Lahadi, ana tashi ya ɗare kujera ya ɗauki sanduna, kuma iyayensa murna suke yi. Gangunan irin na Landan ne, amma da kunne ake koyo, cikin jama'a, kamar dai a Fagge.

To, wa ya fi wani? A wajen kunne, ban ga wanda ya kama ƙafar yaran Kano ba. Na ga matasa a nan Landan masu takardar mataki na takwas da suke daburcewa in aka ɗauke littafi aka ce su bi rawar mutane. Sai dai Bature ya fi mu abu guda, kuma babba ne: yana ganin girman mai kiɗa. Mu kuwa mu yi masa liƙi da dare, gari ya waye mu kira shi maroƙi, mu hana shi auren 'yarmu. Mamman Shata kansa ba ɗan gado ba ne, kuma mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba. Ya rasu a 1999 duk ƙasar Hausa na alfahari da shi, amma iyaye nawa ne suka sauya ra'ayi saboda haka?

Sakamakon a fili yake. Tun da fiyano ta shiga ɗakunan haɗa waƙoƙin fim a Kano, mutum ɗaya ke fitar da abin da a da sai makaɗa biyar, gidajen biki da yawa kuma sun koma ga na'ura da lasifika. 'Ya'yan makaɗa sun ga babu kuɗi babu daraja, sun kama wata sana'ar. Kazagin da yaro bai riƙe yana ƙarami ba, da wuya ya iya shi da gemu.

Ba cewa nake a kwaso jarrabawar Ingila a ɗora wa kalangu ba. Roƙona ga Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa da masu makarantun Fagge shi ne su nemo dattawan makaɗa da suka rage, a biya su albashin malami, a zaunar da yara gabansu. Kai kuma mai aurar da 'ya a bana, ka gayyato masu kalangu, kuma ka bar su su zo da yaransu.