Daga Aji Uku Na Koma Aikin Jinya

Mai karatu, ka taɓa kai gini linta sannan ka rushe shi da hannunka? To ni na yi. Ina aji uku a jami'a ina karanta Bayoloji, sai ciwon suga ya kwantar da Innarmu a asibiti. Likita yakan zo zagaye da safe ya wuce, amma wata nas ce a kanta har asuba. Daren da sugan ya faɗi, Inna tana gumi tana sambatu, ita ta fara ganewa.

Da aka sallame mu na ce wa Baba zan koma makarantar jinya. Ya ce, "Shekara uku da kuɗina duk sun tafi a banza ke nan?" Wallahi na rasa amsa. Wata shekara ukun ce sabuwa fil, ga jarrabawar Majalisar Jinya da Ungozoma kafin lasisi. Ƙawayena suna bautar ƙasa, ni ina koyon gyaran gadon maras lafiya.

Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Amma yau ni ke auna wa Baba hawan jini, kuma ya daina tambayar.