Fenti Daga Ciki

'Yan'uwa matasa, mu da muka tashi a Kaura Namoda da Shinkafi, motar kara da ta langa-langa muka sani. Yanzu tsofaffin motocin wasa masu rimot na shigowa cikin kayan gwanjo, fentinsu ya koɗe, wasunku na gyarawa su sayar. Madalla.

Amma ku dubi jikin motar tukuna. Roba mai tauri ta waje ake mata fenti, bayan an goge ta da sanfefa mai laushi. Mai lanƙwasuwar nan da ido ke ratsawa, irin ta motocin tseren Tamiya, daga ciki ake fesa ta: kala mai duhu da fari, mai haske daga baya. In motar ta daki bango, robar ce ke kare fentin. Ni fasto ne, ba zan ga ana gyara abu daga ciki in yi shiru ba. Ku duba Matiyu 23:26.

Kada tina ta taɓa ta, tana cin robar. Da hunturu kuwa, ku yayyafa ruwa a ƙasa, ku fesa kaɗan-kaɗan da sassafe, kafin ƙura ta tashi.